Ni da Uwar Mati a Hanyar Waliyyi Yakubu

Tun da na dawo Madawa ban sha hura cikin kwanciyar rai ba. Da na ɗaga ludayi sai in ji sallama, wata ta shigo wai ta zo barka da zuwa, alhali zuwanta na uku ke nan. Labari take so. Matan majami'armu na tambaya, abokan aikina na gidan likita na tambaya, 'yan'uwana na Deule sun aiko a ji ko gaskiya ne na yi wata guda da kwanaki ina tafiyar ƙasa a ƙasar da mota ta fi jaki yawa. Maƙwabciyata Hajiya Ramatu, wadda ta je Makka sau biyu, ita ta fi matsa mini.

"To yanzu mi za mu ce miki?" in ji ta. "Hajiya ko mi?"

"Ki ce mini mai ciwon ƙafa," na ce.

Shi ya sa na sayi kaye, littafin rubutu, na zauna in rubuta komai sau ɗaya. Mai karatu ya karanta wa marar karatu, ni kuma a bar ni in huta.

Sunana Rahila. A Deule aka haife ni, cikin duwatsun Adar. Kakata da ta rene ni ba ta yi salla ba har ta rasu, addinin kakanni ta riƙe. 'Yan'uwana duk Musulmi ne. Ni kuwa na shiga addinin Almasihu tun ina karatu a lakwal, a can kuma na haɗu da mijina, wanda ya rasu shekara biyar ke nan. Na yi shekara talatin ina karɓar haihuwa a Madawa kafin in aje aiki. Ɗiyata ta fari ta bi sawuna a aikin likita, ta tafi Faransa karatu, ta zauna can, ta auri wani Bafaranshe mai suna Matiye, wanda muka gajarce muke ce masa Mati. Da ta haihu namiji sai suka aiko mini da takardu in zo in kula da jego. Wata uku na yi ina zarya Yamai kafin in sami biza.

Na isa na tarar wata ta riga ni kama wuri. Uwar Mati ce, sunanta Odil, tsohuwa siririya kamar karan dawa, farin gashinta a yanke kamar na namiji. Ta girme ni da shekara shida. Tun ranar farko muka fara yaƙi, amma da murmushi. In na ce a yi wa yaro wanka da ruwa mai zafi a miƙe masa gaɓoɓi, sai ta ce fatarsa za ta lalace. In na goya shi, da na juya sai ta kwance shi ta kai shi wani ɗaki shi kaɗai kamar maraya. In ta sa masa huluna biyu, ni in cire ɗaya. Ɗiyata da mijinta suna tsakiya suna ramewa.

Wata rana a kan abinci Odil ta ce tana da alkawarin tafiyar ƙasa zuwa kabarin Yakubu manzon Almasihu, can ƙarshen Espanya, amma lokotoron da ke duba lafiyarta ya hana ta zuwa ita kaɗai saboda zuciyarta. Na tambayi nisan wurin. Mati ya ce kamar mutum ya tashi daga Madawa ya je Yamai, ya juyo ya yi rabin hanya.

Da na yi shiru da na tsira. Amma bakina ya riga ni.

"Mu a Adar wannan ba tafiya ba ce," na ce da Faransanci. "Ina 'yar shekara goma nake zuwa kasuwar Buza da kaya a kai, in dawo ran nan."

Gaskiya na faɗa. Abin da ban faɗa ba shi ne, shekara ashirin ke nan ko kasuwar Madawa ba na zuwa sai a kan kabu-kabu.

Kashegari da safe Mati ya shigo da takalma, da jakar baya, da sanduna. Saurin ya ba ni mamaki. Sai da jirgin ƙasa ya tashi da mu, na hango shi da matarsa suna ɗaga mana hannu fuskokinsu na sheƙi, sannan na gane. Kakanni biyu suka share daga gidansu a rana ɗaya.

Mun sauka wani ɗan gari a gindin duwatsun da suka raba Faransa da Espanya. Nan aka kai mu wani buro, ofishin matafiya, aka ba kowa takarda mai naɗewa, wadda za a riƙa buga wa tampo, wato hatimi, duk inda mutum ya kwana, shaidar cewa da ƙafarsa ya zo. Na ce wa Odil ashe a ƙasar nan har wajen Allah sai da takarda. A buron akwai sikeli rataye. Mai kula da buron ya ɗora jakata, ya dubi sikelin, ya dube ni, ya ce in buɗe. Zannuwa shida, kilishi, garin rogo, man kaɗe, gwangwani biyu na yaji, da babban Littafi Mai Tsarki na Hausa. Ya ce rabi za a mayar gida. Na sallama zannuwa huɗu da garin rogo. Da ya kai hannu kan yaji na riƙe masa hannu, sai ya fahimta.

Ba mu yi awa guda da fara hawa ba igiyoyin jakar suka fara yanka mini kafaɗu. Na tsaya na naɗa gammo da kallabi na ɗora ta a kai, na ci gaba. Sai ga Turawa suna wuce ni suna juyowa, wasu na ɗaukar hoto, wata har ta tafa mini. Na gyara tafiya na ƙara rangwaɗa. Daɗin bai daɗe ba, don dutsen nan ba shi da niyyar ƙarewa. Odil na gaba da sandunanta biyu, ƙwas, ƙwas, kamar zabuwa, tana motsa baki a hankali tana faɗin wani abu da na ɗauka addu'ar 'yan Katolika ce. Ni ina baya numfashina na fita da ƙara. Duk sanda na ji zan faɗi sai in tsaya in nuna garken da ke kiwo a gefe.

"Tumakinku suna da kyau," in ce.

A wani karo ta juyo ta ce, "Rahila, sau bakwai ke nan kina yaba tumakin nan. Ki zauna ki sha ruwa."

Batun iyaka kuwa, na shirya masa tun dare bai yi ba. Paspor ɗina na cikin lalita a ƙarƙashin zane, na tanadi amsoshi, na tanadi fuskar da ake yi wa jandarma. Wanda ya taɓa ƙetare iyaka ta Kwanni ya san abin da nake nufi. Muna cikin gangara na tambayi Odil yaushe za mu kai.

"Mun shiga Espanya tun ɗazu," in ji ta. "Wajen famfon da kika cika bido da ruwan sha."

Babu igiya a kan hanya, babu ɗan duwan mai binciken kaya, babu wanda ya ce ina za ki. Raina ya ɓaci ƙwarai. Wata uku na sha wahala a kan bizar nan, ga shi ko akuya ba ta nemi gani ba.

Masauki na farko wani tsohon gidan masu ibada ne, babban zaure cike da gadaje masu hawa biyu. Maza da mata wuri ɗaya. Ban gama shanye wannan ba sai na ga surukata ta tuɓe riga da wando a gaban jama'a ta rataye, ta tsaya da ɗan abin da ya rage tana shafa mai a gwiwa. Na juya fuska bango. A wajenmu surukai ko ci ba su cika yi a gaban juna ba, ga ni yau na san tabon tiyatar da ke cikin uwar mijin ɗiyata. Gadon sama aka ba ni. Ina tsaye ina lissafin yadda mace mai jikina za ta hau tsani da zane, sai wani dattijo ɗan Koriya, tsohon direban jirgin ƙasa, ya sunkuya ya nuna mini gadonsa na ƙasa, shi ya hau sama. Ba ya jin Faransanci, ba na jin nasa, amma har ƙarshen tafiya muna haɗuwa.

Abincinsu ba laifi, sai dai kamar an dafa wa marar lafiya. Ga alade ko'ina, cinyoyi rataye a shaguna kamar yadda muke rataye albasa. Ni ban taɓa cin alade ba, ba kuma don an hana ni ba, a gidan da na tashi ba a ci. Wata mai kawo abinci ta dubi gicciyen da ke wuyana, ta dubi naman da na ture gefe, ta rasa gane kaina. Odil ta yi mata bayani.

"Kirista ce," ta ce, "amma cikinta Musulmi ne."

Na fito da yaji na barbaɗa a miya. Wani dogon Bajamushe ya roƙa ya ɗanɗana, na gargaɗe shi, ya ce shi ya saba. Ya zuba cokali guda. Sai da ya sha ruwan mutum uku, hawaye na bin gemunsa. Ɗan Koriya kuwa ya ɗanɗana ya lumshe ido ya miƙo kwanonsa a ƙara. Tun ranar muke ce masa Mai Barkono.

Kwana huɗu da tashi ƙafafuna suka yi bororo. Na ɓoye kwana biyu, ina tafiya kamar mai taka ƙaya ina cewa salon tafiyarmu ke nan. Da yamma a wani masauki Odil ta jawo kujera ta zauna gabana da allura da zare da maganin ciwo.

"Cire takalmin."

"Ba komai."

"Cire."

Ta ɗora ƙafata a kan cinyarta ta shiga hudawa. Ni da na yi shekara talatin ina yi wa mata faɗa su bar kunya su bari a duba su, ga ni ina rufe fuska da mayafi don suruka ta riƙe mini ɗan yatsa. Hannunta da sauƙi, ban hana ta wannan ba. Ban dai faɗa mata ba.

Akwai abin da ya faru a mako na biyu wanda muka yi alkawari ba za mu gaya wa yaran ba. Tun da ba sa karanta Hausa sosai, ga shi. Wata safiya na tashi na ji ƙafata ta ƙi. Na ce wa Odil yau ina so in yi tafiya ni kaɗai saboda addu'a, mu haɗu a gari na gaba. Ta yarda da sauri, ta ce ita ma akwai wata tsohuwar majami'a da take son gani a gefen hanya. Muka rabu. Na jira ta ɓace, na lallaɓa tasha, na shiga kar, babbar motar fasinja, na ja kallabi na rufe rabin fuska na nufi kujerun baya inda ba mai ganina. A kujerar ƙarshe akwai wata tsohuwa ta ja malafa ta rufe ido, sanduna biyu a tsakanin gwiwoyinta.

Muka kalli juna. Ta matsa ta ba ni wuri.

"Kin gama addu'ar?" ta ce.

"Na gama. Ke kin ga majami'ar?"

"A rufe take."

Da muka yi nisa sai na ji kujerar na girgiza. Dariya take ba sauti. Ni ma na kama, har direba ya dube mu ta madubi. Mun sauka kafin gari muka shiga da ƙafa muna dogara sanduna. Da Mai Barkono ya iso da la'asar ya tarar da mu mun yi wanka mun yi wanki, sai ya sunkuya mana har sau biyu saboda girmamawa. Muka karɓa.

Majami'unsu na ba ni mamaki. Tamu ta Madawa ɗaki ce da rufin kwano da bencina da ganga, ran Lahadi kuwa ba wurin sa ƙafa. Tasu duwatsu ne har sama, zinariya a bango, siffofin waliyyai a kowane lungu, amma sau da yawa siffofin sun fi masu sujada yawa. Ita kanta Odil ba ta cika shiga ba. Takan tsaya a bakin ƙofa ta jira ni. Na yi ta mamakin mai addu'a a kowane taku amma ba ta son ɗakin addu'a.

Bayan wani babban birni sai ƙasa ta baje. Fili iya ganinka, gonakin alkama, ba itace, ba inuwa, ba ko mutum ɗaya a gona da za ka ce wa sannu da aiki. Rana ta buɗe. Turawa suka yi laushi kamar ganyen yakuwa a tukunya, ni kuwa a nan jikina ya dawo. Ƙafa ta warke, numfashi ya daidaita. Na ɗauki jakar Odil na ɗora a kan tawa, na jiƙa kallabi na ɗaura mata. Yanzu ita ce ke tsayawa tana yaba alkama.

A filin nan ne wani abu ya same ni da ban iya faɗarsa da kyau. Tun rasuwar mijina addu'ata ta zama kamar cika rajista a wurin aiki. Ina yi safe da yamma, ban fasa ba, amma hannu ne kawai ke rubutu. A hanya na fara da addu'o'in da na sani, suka ƙare. Na koma waƙoƙin majami'a, su ma suka ƙare. Na yi wa Allah ƙorafi a kan mijina, na kawo ƙarar mutane da dama, har da Odil, wannan ma ya ƙare. Sai ya rage ƙarar takalmi kawai. Kwana biyu ko uku a haka, sai na lura shirun bai dame ni ba. Ya yi kama da zaman da nakan yi da mijina a tsakar gida bayan cin abinci, ba mai cewa komai, kowa ya san ɗan'uwansa na nan.

Ina cikin jin daɗin wannan, har na fara ganin kaina wata waliyya, sai Odil ta ɓata mini. Muna zaune da tsakar rana a gindin wani itace ɗaya tilo muna cin burodi da cuku.

"Rahila, in tambaye ki. Me ya sa ba kya kiran ɗiyarki da sunanta? Wata biyu ina jinki. Ke, yarinyar nan, uwar yaro. Ko sau ɗaya ban ji ba."

Na yi dariya na yi mata bayani kamar ɗaliba. Ɗiyar fari ce. A wajenmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta yabonsa. Kunya ce, kuma girmamawa ce. Yarinyar ta san haka.

"Ta sani," in ji Odil. "Amma ranar da ta haihu ina wurin. Ta riƙe yaron tana ta kiran sunansa, sai ta fashe da kuka. Ta ce ita ba ta san yadda sunanta yake a bakin uwarta ba."

Na aje burodin. Abin da ya fara zuwa mini ba tausayi ba ne, fushi ne. Ɗiyar da na haifa ta ɗauki maganar cikin gidanmu ta kai wa suruka.

"Ku da kuke lasar 'ya'yanku kamar awaki," na ce, "me ya hana su kai ku gidan tsofaffi in kun tsufa? Mu ba mu kiran suna, amma a ɗakinmu muke mutuwa."

Fuskarta ta yi fari fat. Ta naɗe sauran cukun ta tashi.

Kwana uku muna tafiya ba magana sai ruwa, hagu, dama. Ban sauke mata jakarta ba, don fushi da kayan mutum a kanka ya fi daɗi, kana da gaskiya biyu. Mai Barkono ya lura, yakan zauna tsakaninmu a wajen cin abinci yana miƙa wa wannan gishiri, yana miƙa wa waccan burodi.

Da muka fara hawan wasu duwatsun kuma, sai ya nuna mini wani ɗan baƙin dutse da ya ɗauko tun daga ƙasarsu. Wata mata ta fassara mini cewa a gaba akwai gicciye, kowane matafiyi yakan kawo dutse daga gida ya aje a gindinsa, ya bar nauyin da ke ransa a nan. Na yi dariya har na riƙe ciki. Da na sani ai da na yi hayar kamiyo, babbar motar kaya. Mu da duwatsu suka hana mu noma, mu da muke kwashe su muna jerawa a gona don su tare ruwa. Amma dariyar ba ta yi nisa ba, don na tuna wani tarin duwatsu a kan hanyar Deule zuwa Allakaye. Kakata ba ta taɓa wuce shi ba sai ta ɗora nata, tana motsa baki. Malaman garinmu sun ce shirka ce. Paston da ya yi mini baftisma shi ma haka ya ce, wannan ne ma abu ɗaya da na san sun yarda da juna a kai. Na yi shekaru ina jin kunyar tsohuwar. Ga shi na ƙetare teku na tarar da masu digiri sun yi layi suna yin abin da take yi.

Mun isa da hantsi. Dogon itace ne da ɗan gicciyen ƙarfe a samansa, a kan tulin duwatsu da ya fi ɗaki tsayi. Odil ta ciro wani farin dutse daga aljihu ta fara hawa, ƙafarta na zamewa. Na aje kaya na kama mata hannu, don fushi bai kai a bar tsohuwa ta karye ba. Da muka kai sama ta durƙusa ta aje dutsen. Akwai rubutu a kansa. Sai ta faɗi kalmar nan da take ta maimaitawa tun ranar farko, wannan karon a fili.

"Kiler."

Ashe ba addu'a ba ce, suna ne.

"Ɗiyata ta fari," ta ce, ba ta dube ni ba. "Yayar Matiye. Mota ta kashe ta tana da shekara goma sha tara. Na lashe ta kamar akuya, gaskiyarki, bai hana komai ba."

Na rasa inda zan sa idona. Ba wanda ya taɓa gaya mini.

"Kowane taku ina kiranta," ta ce. "Ba ta amsawa. Taki tana amsawa."

Mun sauko muka zauna a gefen hanya. Ina zaune ina juya abin, sai na gano wani abu da ya ba ni tsoro. Ko a addu'a ban taɓa faɗin sunan yarinyar nan ba. Cewa nake, Ubangiji, waccan da ka sani, ka tsare ta. Na tuna kuma ranar da na haife ta, kakata ta karɓe ta ta ce mini kada in kuskura in ɗaga murya a kan abin da nake so, akwai masu ji, in sun ji sai su ɗauke. Na ɗauka na bar addinin tsohuwar tun ina budurwa. Ashe na bar mata tarin duwatsun, wanda ba ya cutar kowa, na ɗauko tsoron na goya shi shekara talatin da wani abu ina ce masa kunya. Kunyar gaskiya ce, ban ce a yar da ita ba. Amma tawa da tsoro a cikinta.

Ba ni da dutsen gida, sai na tsinci wani a gefen hanya na koma na ɗora, na mayar wa Espanya kayanta. Na buɗe baki in faɗi sunan. Ya ƙi fitowa.

"Ki kira ta a salula," in ji Odil.

"Sai mun sauka. Nan ba rezo, salula ba ta kamawa."

Kwana goma suka rage mana, kuma kowace rana da dalilinta. Yau ba caji. Gobe yaro na barci a wannan lokacin. Jibi ruwan sama, ba a jin magana. Ƙasar ta koma kore shar, shanu ko'ina, hanya duk kashinsu, har na ji kamar ina mashekarin Fulani da damina. Odil ba ta matsa mini ba. Kowace safiya dai takan ce, "Yau rezo ya yi kyau," ta ci gaba da ɗaure takalmi.

Mun shiga birnin Yakubu da rana tsaka. A filin gaban babbar majami'a mutane na zubewa ƙasa, wasu na kuka, wasu na rungumar waɗanda ba su sani ba. A ciki na ga ƙarti sun kama igiya suna lilo da wani kaskon turare da ya kai tulu girma, hayaƙi ya cika wuri, na ce da matan Madawa sun ga wannan da sun bar gasar turaren wuta. Ana bin layi a rungumi siffar Yakubu ta baya. Da layi ya zo kaina na dafa masa kafaɗa kawai na ce sannu da zama, don ba mu saba ba.

Muna fitowa Odil ta ciro salularta ta latsa ta manna mini a kunne. Ban sami damar kawo dalili ba.

"Alo, Odil?" Muryar ɗiyata ce.

"Ni ce."

"Inna. Kun isa lahiya?"

Na rufe ido na faɗi sunan. Kada ku duba takardar nan kuna nemansa, a baki na iya, hannuna bai kai ga rubutawa ba tukuna. Ya fito a karkace, kamar kalmar wani harshe.

Sai na ji muryarta ta canja ta koma ta ma'aikaciyar likita.

"Inna, mi ya same ki? Ina ka yi miki ciwo? Ba ni Odil maza."

Na miƙa. Ina jin ta tana jero tambayoyi da Faransanci. Bakina ya karkace? Maganata na fita daidai? Ina iya ɗaga hannu biyu? Ta ɗauka shanyewar jiki ce ta kama ni. Odil, don mugunta, ta ce in ɗaga hannuwa a gani. Na ɗaga su sama a tsakiyar fili. Mai Barkono na kusa, ya zaci yabon Allah nake, shi ma ya ɗaga nasa. Wasu mata uku da ban taɓa gani ba suka ɗaga nasu.

"Lafiyarta ƙalau," in ji Odil cikin salula. "Ta fi ni lafiya. Kiran ki kawai ta yi."

Ta mayar mini. Na daɗe ina jin numfashinta kawai, da ɗan kukan yaro can nesa.

"Inna," ta ce a hankali. "Sake hwaɗi."

"Ke, waƙa ce?"

"Ban amsa ba ɗazu. Sake hwaɗi."

Na duba gefe. Odil ta ba ni baya tana kallon tattabaru kamar ba ta taɓa ganin tsuntsu ba. Na juya ni ma, na kare baki da gefen mayafi, na kira ta yadda ake kiran yaro daga tsakar gida in abinci ya sauka.

"Na'am, Inna," ta ce.